Katin Lesieli a Cikin Ƙanƙara

Yayata Lesieli ta yi shekara goma sha tara tana zare ƙashin kaji a masana'antar da ke bayan garin Griffith a ƙasar Ostireliya, kuma ban taɓa jin an ce ta makara ba. Biyar na asuba take fita, ta dawo biyu da rabi na rana yatsunta a ƙage saboda sanyi, sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin ta iya ɓalle maɓallin rigarta. Mace ce mai jiki, mai tafiya a hankali, magana ma sai an ja ta. Ni ce mai bakin gidanmu. Tun muna yara a tsibirinmu na Tonga, in an tsokane ta ni nake rama mata da baki, in an zo dukana ita take tarewa da jiki.

Abu ɗaya na san tana alfahari da shi: ba ta taɓa fashin biyan bashi ba. Duk ranar sha biyar ga wata za ta sauko daga motar aiki, ta shiga banki da takalman robarta, ta biya abin da aka rubuta a saman takardar katinta na cin bashi, ta karɓi rasit ta ninke. Sau biyu banki ya aiko mata da wasiƙa cewa an ƙara mata yawan kuɗin da za ta iya ci da katin. Wasiƙun nan a cikin Littafi Mai Tsarki take ajiye su, kusa da takardar aurenta. Har ta taɓa nuna mini, ta ce, "Kin gani ko, Heilala? Su ma sun san wanda za su yarda da shi."

Katin ya shigo gidanta ne da mutuwar mijinta. Manase ya faɗi a gonar lemu, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Kwana goma muka yi ana zaman makoki. Dangi suka zo daga Sydney, daga Melbourne, har daga Auckland, kowa da baƙaƙen kaya da tabarma ɗaure a ƙugu kamar yadda al'adarmu take, kuma duk wanda ya zo sai ya ci ya tafi da ƙunshi. Alade goma sha huɗu aka gasa. Da abin da aka tara ya ƙare a rana ta shida, Lesieli ta ɗauki katin da bai fi wata ɗaya da zuwa ba, ta shiga kanti. Dala dubu tara ta ci a kwana huɗu. Babu wanda ya ce ta yi ɓarna, har da ni.

Daga nan kati ya zama ɗan gida. Kowane Nuwamba akwai misinale, baikon shekara na cocinmu, ranar da sakatare yake miƙewa ya kira sunan kowane gida da abin da ya kawo, kowa yana ji. Manase yana raye dubu biyu gidansa yake bayarwa. Da ya rasu Lesieli ba ta rage ko sisi ba. Abin da albashi bai kai ba, kati ya cike. Da firizarta ta mutu, shagon kayan gida ya yi mata wani ƙaramin katin, suka zama biyu. Haka aka yi shekara bakwai.

Gidan da take ciki na haya ne, shekara goma sha huɗu ke nan. Mai shi wani tsohon manomi ne ɗan asalin Italiya, Baba Carmelo. Gidan katako ne mai ɗaki uku, ba wani abin kallo ba. Amma a bayansa Manase ya shuka gwaza layi shida, da ayaba guda ɗaya wadda sanyin garin nan bai taɓa bari ta yi 'ya'ya ba. Duk lokacin sanyi yakan lulluɓe ta da tsohon bargo, muna yi masa dariya. Bayan rasuwarsa Lesieli ta ci gaba da lulluɓe ta, babu wanda ya ƙara yin dariya.

A watan Fabrairun bara Baba Carmelo ya kawo akwatin tumatir kamar yadda ya saba, amma ya ƙi tafiya. Ina gidan ranar. Ya zauna a bakin baranda yana juya hularsa.

"'Yata, yarana sun taso ni a gaba," ya ce. "Wai na tsufa, in koma Melbourne wurin babbarsu. Gidajen duka za a sayar."

Lesieli ta ajiye wuƙar da take fere doya.

"Na ce musu wannan kam sai na fara yi miki tayi. Dubu ɗari uku da casa'in. In aka kai shi kasuwa ya fi haka, ke ma kin sani. Sun ba ni zuwa ƙarshen Nuwamba. Ɗaya ga Disamba dillali zai kafa allonsa a ƙofar nan, ni kuma ba ni da ta cewa."

Ba mu tsorata ba da farko. Akwai dubu arba'in da biyar na fanshon Manase, waɗanda suka fito watanni bayan jana'iza, Lesieli ta kulle su a banki ba ta taɓa ba, don ya sha faɗa mata cewa na sayen gida ne. Ga 'yarta Seini tana aikin jinya a gidan tsofaffi, za su haɗa albashi su nemi rance. Muka yi ado muka tafi wurin Robyn, matar da take shiga tsakanin mutane da bankuna kan rancen gida. Lesieli tana riƙe da jakar leda cike da rasit na shekara bakwai.

Robyn ta buɗe tarihin bashin Lesieli a kwamfuta, wanda duk bankin da ka nemi rance a wurinsa sai ya duba. Ta ce babu tabo, ba a taɓa rubuta mata latti ba. Lesieli ta kalle ni ta wutsiyar ido. Sai matar ta jawo takardar babban katin, ta ɗora yatsa a can ƙasa.

"Kin taɓa karanta nan?"

"Sama nake dubawa. A nan suke rubuta abin da zan biya."

"Na saman shi ne mafi ƙanƙantar abin da za su karɓa su ƙyale ki zuwa wani watan. Katunan biyu, dubu goma sha takwas ake bin ki. Kina biyan ɗari uku da sittin a wata. A ciki ɗari uku kuɗin ruwa ne. Sittin kaɗai ke taɓa uwar kuɗin."

Ƙaramin rubutun na ƙasa cewa ya yi, in ta ci gaba da biya a haka, ba ta ƙara sayen ko allura ba, za ta gama a shekara arba'in da ɗaya. Lesieli tana da hamsin da biyu. Na ga laɓɓanta suna motsi.

"Casa'in da uku," ta ce a hankali. Can kuma ta ce, "Amma ban taɓa fashi ba."

"Shi ya sa suke son ki," in ji Robyn.

Na ji kamar in wanke matar da mari, alhali gaskiya ta faɗa. Ta ci gaba da jero mana sharuɗɗa. Banki ba zai ba da rancen ba muddin katunan suna buɗe, don yana lissafa iyakar kati kamar ka riga ka cinye ta. Sai an biya duka, an rufe, an kawo takardar rufewa. Kuɗin Manase ba za a taɓa su ba, su ne kafin alƙalami, in suka ragu rancen ya rushe. Kuma banki zai bi takardun wata uku na ƙarshe layi-layi. In ya ga an zari tsabar kuɗi da katin bashi, zai ce mai neman rancen ba ta iya riƙe kanta ba.

Muka tattara rasit ɗinmu muka koma gida. Ranar Asabar na ga Lesieli ta hura wutar gashi da wasiƙun nan biyu na cikin Littafi Mai Tsarki.

Ƙaramin katin ya fi ruwa mai tsada, don haka shi Robyn ta ce a fara kashewa, ana ba babban ɗan abin da zai yi shiru. Na ɗauko almakashi na datse ƙaramin gida huɗu. Da na kai hannu kan babban, Lesieli ta riƙe ni.

"In wani ya mutu fa?"

"Yaya, in wani ya mutu a binne shi. Ai ba da kati ake haƙa kabari ba."

"Ke dai bakinki ya fi wuƙar aikina kaifi. Ba za a yanka ba."

Muka yi ta ja har muka daidaita a tsakiya. Na samo robar askirim, na cika ta da ruwa, na jefa katin ciki, na tura ta can ƙasan firiza, ƙarƙashin naman rago. Duk mai son ya yi amfani da shi sai ya jira ƙanƙara ta narke, ya samu lokacin jin kunyar kansa.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Litinin zuwa Juma'a kaji. Juma'a da yamma ta naɗe naman gwangwani da madarar kwakwa a ganyen gwazar Manase, ta gasa, Seini ta kai wa masu saye. Asabar ta ɗaura buhu a ƙirji ta hau tsani tsinkar lemu, mace mai shekara hamsin da biyu da ciwon gwiwa, a irin gonar da mijinta ya faɗi. Lahadi ce kaɗai ba ta aiki, don mu ko wanki ba ma yi ranar Lahadi. Seini ta daina sayen komai, albashinta rabi yake tafiya kan katin. A watan Yuni ƙaramin ya mutu. Muka manna takardar rufewarsa a jikin firiza. Amma da muka zauna lissafi a ƙarshen Agusta, saura dubu tara, kuma a tafiyar da ake yi ba za a kai ba.

A nan ne Lesieli ta ɗaga katifarta. Duk matar Tonga da ta amsa sunanta dukiyarta a ƙarƙashin katifa take: tabarmi masu laushi na gado, da ngatu, mayafin ɓawon itace da ake shimfiɗawa ranar aure, a naɗe mutum da shi ranar mutuwa. Na Lesieli sun yi tudun da sai ta ɗan yi tsalle take hawa gado. Ta zaro tabarma uku da dogon ngatun da uwarmu ta yi wata biyar tana bugawa da hannunta, ta sayar wa wata mata a Sydney da za ta aurar da 'ya. Dubu huɗu da ɗari biyar. Ranar da aka zo ɗauka ni ce na yi kuka, ita ta shiga bayan gida tana cire ciyawa.

Duk wannan mun yi shi a ɓoye, saboda mutum ɗaya. Kalolaine, yayar Manase. A wurinmu 'yar'uwar namiji tana sama da shi, tana sama da matarsa da 'ya'yansa; in ta shiga gidansa babu ƙofar da ake rufe mata, in ta yi magana ba a mayar mata. Mukan ce mata Gwaggo, bin bakin yara. Gajeruwa ce, shekararta sittin da shida, ba ta fita sai da turare da 'yan kunnen zinare, kuma ita ce shugabar rukuninmu a misinale. Gidan Moala, wato zuriyar su Manase, bai taɓa fita daga ukun farko ba tun da ta karɓi riƙon.

Ta zo a tsakiyar Oktoba, ta wuce kai tsaye ɗakin Lesieli kamar yadda ta saba, ta zauna a bakin gado. Ina tsaye a ƙofa da tiren shayi. Ta kalli ƙafafunta, ta daɗe tana kallo.

"Lesieli."

"Na'am, Yaya."

"Shekara goma sha huɗu ina zama a kan gadon nan ƙafata tana lilo. Yau ga ta a ƙasa. Ni ce na ƙara tsawo?"

Kayan da aka sayar sun rage tudun gadon. Ta miƙe, ta ɗaga gefen katifar, ta ƙirga abin da ya rage da ido, ta saki.

Lesieli ta faɗa mata komai, kanta a sunkuye: gidan, katin da ke cikin ƙanƙara a firiza, shekara arba'in da ɗaya. Gwaggo ta saurara har ƙarshe.

"To madalla. Da me za a shimfiɗa wa Seini ranar aurenta? Da takardar banki? Ke kuma ranar da kika mutu a naɗe ki da me, labulen falo?"

"Gwaggo, ai gidan ma na Seini ne," na ce.

"Ke Heilala, shayi aka ce ki kawo, ba baki ba."

Na haɗiye. Ta juya kan Lesieli.

"Abin da kika yi da kayan uwarki tsakaninki da ita ne. Nawa ɗaya ne. Misinale saura sati uku. Dubu biyu daga gidan Manase, kamar kullum. Sunan ƙanina ba zai faɗi ƙasa ina raye ba."

"To, Yaya," in ji Lesieli.

Motar Gwaggo ba ta gama fita daga layin ba na dira a kanta.

"To me? To kika ce mata?"

"Me kike so in ce? Yayar mijina ce."

"Ki ce babu. Kalma ce, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya faɗe ta. Saura dubu biyu da ɗari uku a ƙarshen watan nan, Yaya. Albashi uku ya rage miki. In kika ba da dubu biyu, Disamba za ta same ki da kati a buɗe da allon dillali a ƙofa."

"Na iya lissafi."

"Da kin iya da ba mu zo nan ba."

Ta ɗago ta kalle ni. "Ke ba sunan mijinki za a kira ba."

Nawa mijin ya tafi aikin haƙar ma'adinai a yamma shekara shida da suka wuce, bai waiwayo ba, duk cocin an sani. Ba ta taɓa yi mini gori da shi ba sai ranar. Na ɗauki jakata na fita. Sati uku ba mu yi magana ba, sai dai ta bakin Seini, wadda ta rame a tsakaninmu.

Ranar misinale na kasa daurewa, na biya ta gidan da safe don mu tafi tare. Na shiga kicin neman ruwa. Robar askirim tana kife a kan kwandon kwanuka, an wanke ta tas.

Na same ta a ɗaki tana ɗaura tabarma a ƙugu.

"Yaya, ina katin?"

"Miƙo mini igiyar can."

"Nawa kika zara?"

"Dubu biyu. Jiya, da na taso daga gona." Ta ja igiyar ta ƙulle. "Kar ki fara, Heilala. Yau Lahadi."

Jakarta tana buɗe a kan gado. Ambulan biyu ne a ciki, ɗaya mai kauri, ɗaya kamar babu komai. Na tambaye ta na biyun na mene ne, ta zuge jakar ta rataya.

Cocin ya cika har waje. Kowa ya ci ado, fankoki suna juyawa amma zufa ake yi. A gaba an ajiye tebur, masu ƙirga kuɗi uku a zaune, sakatare a tsaye da littafinsa. In an kira gida mata su ɗauki waƙa da tafi, mai gidan ya taso yana rangaji har teburin, ya ajiye ambulan, a buɗe, a ƙirga, a faɗa. Aka yi ta kira. Dubu ɗaya da ɗari biyar. Dubu biyu. Na san albashin kusan kowa a ɗakin nan, kaji ɗaya muke yankawa, lemu ɗaya muke tsinka, kuma ranar ce na fara tambayar kaina daga ina kuɗin nan suke fitowa. Aka zo rukuninmu. Gwaggo ta fara, dubu uku, aka yi guɗa. Ta dawo ta zauna a bencin gabanmu tana fifita.

"Gidan marigayi Manase Moala."

Lesieli ta miƙe. Ba ta yi rangaji ba, tafiya ta yi irin tata. Seini ta damƙe hannuna har ƙumbarta ta shige ni. Ta isa teburin ta zuge jaka, ta sa hannu, ta tsaya. Waƙar ta kai ƙarshe, mata suka sake ɗauka daga farko. Daga inda nake bayanta kawai nake gani, da gumin da ya jiƙa rigarta. Waƙar ta sake ƙarewa. Tafin ya fara raguwa. Sai ta ajiye wani abu a kan teburin, ta zuge jakarta.

Mai ƙirga ya buɗe ambulan, ya leƙa, ya zazzage shi, ya sake leƙawa. Ya kalli Lesieli. Ya raɗa wa sakatare. Sakatare ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Dala hamsin."

Wani tsoho a baya da kunnensa ya yi nauyi ya ce, "Dubu nawa?"

"Dala hamsin," sakatare ya maimaita.

Ban taɓa jin ƙarar fankokin cocin nan ba sai ranar. Lesieli ta juyo ta fuskanci mutum ɗari biyu da suka ci aladen jana'izar mijinta, ta tako har bencinmu, ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma kalli kowa ba. Da ta zauna na kama hannunta, ya yi sanyi kamar yanzu ta taso daga aiki. Ni da na matsa mata ta ce babu, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ban san haka abin yake da nauyi ba.

Gwaggo ta ninke mafici, ta miƙe, ta fita ta tsakiyar coci. Kowa ya bi ta da kallo. Muka ɗauka fushi ne. Aka ci gaba da kiran gidaje. Bayan kamar minti ashirin sai ga ta ta dawo tana haki, ta wuce kai tsaye teburin ta ajiye ambulan. Sakatare ya ɗaga hannu.

"Akwai gyara. Gidan marigayi Manase Moala, daga hannun yayarsa, dala dubu biyu."

Tafin da aka yi ya fi na kowa. Lesieli ma ta tafa. A wurin cin abinci babu wanda ya kira ta teburin gaba inda ta saba zama, sai ta zagaya baya ta kama wankin tukwane, na bi ta.

Litinin ta nemi izinin awa ɗaya a wurin aiki, abin da ba ta taɓa yi ba. Ƙarfe tara da rabi muna ƙofar banki. Ta mayar da dubu biyun a ambulan ɗinsu, aka ce akwai dala sittin da biyu na zara da ruwan kwana biyu. Ta biya ta ce, "Kuɗin darasin da na koya ne." A hanya na tambaye ta me ya tsayar da ita a gaban teburin.

"Mai kaurin na kama," ta ce. "Har na fara fito da shi. Sai na tuna ayabar nan. In wani ya sayi gidan, ranar farko zai sare ta, ai ba ta 'ya'ya."

Robyn ta yi faɗa da ta ga layin zarar kuɗin a takarda. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, amma za ta rubuta wa banki bayani cewa an mayar a kwana biyu. Ranar ashirin ga Nuwamba Lesieli ta biya ragowar, ta buga waya aka rufe katin, ta miƙo mini almakashi da kanta. Muka zauna jiran banki. Kwana takwas tana zuwa aiki da wayarta a cikin rigar mama. Ranar ashirin da takwas amsa ta zo, washegari Baba Carmelo ya sa hannu yana share ido da hularsa.

Gida ya samu, amma ba a yi biki ba. Gwaggo ta daina amsa gaisuwar Lesieli. Ranar Kirsimeti Seini ta kai mata abinci, aka dawo da shi a rufe yadda ya tafi. Mata a coci suka raba gari, masu cewa Lesieli ta zubar da mutuncin mamaci sun fi yawa. An cire ta daga masu dafa wa fasto abinci, ba wanda ya faɗa mata, jerin sunaye kawai ta gani. Ba ta yi ƙorafi ba, amma na ga yadda abin yake cin ta.

Wata Asabar a Fabrairun nan, da la'asar, muna bayan gida muna ba gwaza ruwa, sai muka ji an buɗe ƙyauren gefe. Gwaggo ce, babu turare, babu 'yan kunne, rungume da gwangwanin biskit. Ba ta yi sallama ba. Ta zauna a kan bokitin da aka kife kusa da ayabar, ta ɗora gwangwanin a cinya.

"Ke Heilala, je ki kawo mini ruwa."

Na je na dawo da gudu, don ba za a yi ba ni ba. Ta riga ta buɗe. Katuna uku ne a ciki, da tarin wasiƙun banki, rabinsu ba a ko farke ba. Na saman ta zaro ta miƙa wa Lesieli. Ina leƙe ta kafaɗarta na ga layin: ranar Lahadin misinale, injin cirar kuɗi na tsallaken coci, dala dubu biyu.

"An ce akwai wani ƙaramin rubutu a ƙasa," in ji Gwaggo, tana kallon katanga. "Idona ba ya gani. Karanta mini."

Lesieli ta goge hannunta a zani, ta karɓa, ta nisanta takardar daga fuskarta.

"Shekara hamsin da bakwai, Yaya."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ba ta haɗa lissafin ba, mu ma ba mu haɗa mata ba. Ta sha ruwan duka, ta ajiye kofin a ƙasa.

"Mijina bai sani ba," ta ce. "Yarana ma ba su sani ba." Ta juyo ta kalli Lesieli, ta ce, "Firizar nan taki, akwai sauran wuri?"

Lesieli ta kashe famfo. Ta shiga kicin, muka ji tana buɗe kabad tana neman robar askirim.